Sabar PostgreSQL tana cinye memori har ta faɗi: ta ina ake fara neman yoyon?

Tambaya: Wani mai kula da rumbun bayanai na kamfaninsu ya ce sabarsu PostgreSQL 15 ce a kan Linux, da RAM gigabait 32. Memori kullum hawa yake yi, ba ya sauka. Bayan 'yan kwanaki sai ta yanke duk haɗin da ke kanta ta tashi daga farko, a log kuma su ga "terminated by signal 9: Killed". Yanzu sun koma sake kunna ta kowane dare. Yana son ya sani: yoyon memori ne, wato memorin da ake karɓa ba a mayarwa, kuma ta yaya za su gano inda yake?

Amsa:

Malam, sannu da fama. Wannan saƙon da kake gani, ba PostgreSQL ce ta kashe kanta ba. Kanel, wato zuciyar Linux mai rabon memori, shi ne ya ga memori ya ƙare, ya zaɓi furoses guda, wato shiri ɗaya da ke gudana, ya kashe shi don injin ya samu sarari. Ka tabbatar da haka da `dmesg -T` ko `journalctl -k`, za ka ga layin da ke cewa "Out of memory: Killed process", da lambar furoses ɗin da kuma yawan memorin da yake riƙe da shi a lokacin. Dalilin da ya sa kowa ke yankewa alhali furoses ɗaya aka kashe shi ne, PostgreSQL tana buɗe wa kowane haɗi furoses nasa daban, dukkansu kuma suna tarayya a kan memori guda. Idan ɗaya ya mutu ba shiri, postmaster, wato uban sauran, ba shi da hanyar sanin ko mamacin ya bar ɓarna a memorin tarayya. Don haka sai ya sallami kowa, ya gyara daga WAL, rajistar da ake rubuta kowane canji a cikinta, sannan ya buɗe ƙofa.

Wannan ya nuna memori ya ƙare. Bai nuna akwai yoyo ba. A irin wannan matsala, mafi yawan lokacin da ake ɓatawa ana ɓata shi ne wajen farautar yoyon da babu shi, saboda an auna da ma'aunin da bai dace ba. Don haka kafin ka taɓa Valgrind, manhajar farautar yoyo, ko wani kayan aiki mai nauyi, gyara awonka.

Lambar RES da umarnin `top` ke nunawa, wato memorin da furoses ke riƙe da shi a RAM, tana yaudara a kan PostgreSQL. Duk shafin shared_buffers, wato memorin tarayyar da ake ajiye bayanan rumbu a ciki, da wani furoses ya taɓa, ana lissafa shi cikin RES ɗinsa, ko da furoses ɗari sun taɓa shafin nan guda. Kamar mutum goma ne a gida ɗaya, kowa ka tambaya ya ce gidansa ne, ka tara ka ce gidaje goma. Abin da ya fi ruɗarwa, lambar tana hawa a hankali, domin haɗin da ya daɗe a buɗe yana ƙara taɓa sababbin shafuka kowace awa. Idan shared_buffers gigabait 8 ne, tsohon haɗi zai iya nuna gigabait 6 ko 7 ba tare da ya ci komai na kansa ba. Haka ma lambar free a umarnin `free -m`: Linux yana cika duk memorin da ba a amfani da shi da kwafin fayiloli, ya sake shi idan an buƙata. Wadda za ka duba ita ce available.

Awon da ya kamata yana cikin `/proc/PID/status`, inda PID ke nufin lambar furoses. Tun Linux 4.5 an raba lissafin gida uku: RssAnon, RssFile da RssShmem. RssAnon shi ne memorin kashin kansa na furoses ɗin, shi kake nema. Ka haɗa shi da VmSwap, domin memorin da ya zube, tun da ba mai taɓa shi, shi ake fara turawa swap, wato wurin da aka ware a faifai don rage wa RAM nauyi, sai ka ga RssAnon ya tsaya cak alhali yoyon na ci gaba. Idan kana son jimillar gaskiya ta duka sabar, ɗauki Pss daga `/proc/PID/smaps_rollup`, wanda ke raba kowane shafin tarayya tsakanin masu amfani da shi.

Tunda kana wajen, leƙa PageTables a `/proc/meminfo`. Mutane kan manta da shi. Gigabait 8 idan an yanka shi shafukan kilobait 4 ya haura shafi miliyan 2, kowane shafi kuma yana cin bait 8 a teburin shafuka na kowane furoses. Megabait 16 ke nan ga furoses ɗaya da ya zagaye shared_buffers. Haɗi 300 sun kusa gigabait 5, kuma ba za ka gan shi a RES ɗin kowa ba. Maganinsa manyan shafuka ne na megabait 2: ka ware su da vm.nr_hugepages, PostgreSQL za ta ɗauka da kanta tunda huge_pages a kan try yake tun asali.

Yanzu rubuta ɗan gajeren shiri da zai riƙa ɗaukar RssAnon da VmSwap na kowane furoses duk minti ɗaya, ya haɗa da pid, backend_type, backend_start, application_name da state daga pg_stat_activity. Bar shi ya kwana ya wuni. Zanen da zai fito shi zai gaya maka wace irin cuta ce. Idan memori yana tsalle sama farat ɗaya ya dawo, wannan kweri ne mai haɗama. Idan yana hawa ya kai wani matsayi ya daidaita, ajiya ce da ta cika, kuma matsalarka yawan haɗi ne. Idan yana hawa a miƙe ba tsayawa, musamman idan hawan yana bin yawan aiki, yana sauri da rana yana lafawa da dare, to nan ne ake maganar yoyo.

Tsallen nan ba zan daɗe a kansa ba, amma shi ya fi kashe sabobi. Saitin work_mem ba iyakar memorin haɗi ba ce, iyakar kowane mataki ne na jerawa ko hash a cikin kweri, kuma kowane furoses mai taya aiki yana da nasa rabon. A ce wani ya ɗaga shi daga megabait 4 na asali zuwa 256. Kweri mai matakai huɗu, da mataimaka biyu da jagoransu, zai iya cin gigabait 3. A siga ta 15 matakan hash suna da izinin ninki biyu, saboda hash_mem_multiplier ya koma 2.0. Rahoto goma irin wannan a lokaci guda sun cinye injinka. Akwai kuma tiransakshan mai saka miliyoyin layuka a teburin da ke da foreign key ko tiriga: duk binciken da aka jinkirta ana tara shi a memori har ƙarshen umarnin ko ƙarshen tiransakshan ɗin, work_mem kuma ba ya iyakance shi.

To a ce ka ga hawa a miƙe, ka kuma san lambar furoses ɗin da ke kumbura. A nan sai ka fahimci yadda PostgreSQL ke riƙe memori, in ba haka ba duk abin da kayan aiki suka nuna maka ba za ka iya karanta shi ba.

Kod ɗin PostgreSQL ba kasafai yake kiran malloc, fankshan ɗin da shiri ke neman memori da shi, kai tsaye ba. Yana kiran palloc, wanda ke yanko memori daga abin da suke kira memory context. Bari in ce jaka. Tsarin da ake kai yanzu ya zo ne a siga ta 7.1 a shekarar 2001, aikin Tom Lane. Kowace jaka tana da tsawon rai: wata ta layi ɗaya ce, ana zazzage ta kafin layi na gaba, ExecutorState ta kweri ɗaya ce, TopTransactionContext ta tiransakshan ce, CacheMemoryContext da TopMemoryContext kuwa suna nan har haɗin ya mutu. Jakunkunan a jere suke uwa da 'ya'ya, idan aka zubar da uwa, 'ya'yan sun tafi tare da ita. Shi ya sa mai rubuta kod a PostgreSQL yakan karɓi memori bai mayar ba, kuma ba laifi ya yi ba, domin ya san za a zazzage jakar gaba ɗaya.

Abin da wannan ke nufi gare ka yana da muhimmanci. Yoyo a PostgreSQL galibi ba memorin da aka ɓatar da adireshinsa ba ne. Memori ne da aka saka a jakar da ta fi shi tsawon rai. Abin da ya kamata ya mutu da layi ɗaya an ajiye shi a jakar kweri, ko na kweri an ajiye shi a jakar haɗi. Kayan binciken da aka gina don neman ɓataccen adireshi za su duba su ce lafiya lau, domin jakar tana riƙe da komai, ba abin da ya ɓace. Na sha ganin an yi gwaji da Valgrind, rahoto ya fito ba komai a ƙarƙashin "definitely lost", aka rufe bincike, alhali gigabait biyu na zaune a jaka guda.

Sa'arka ɗaya, kana kan 15. Tun siga ta 14, wadda ta fito a Satumban 2021, kana iya cewa:

`SELECT pg_log_backend_memory_contexts(PID);`

Furoses ɗin zai rubuta duk jakunkunansa a log ɗin sabar, kowacce da sunanta, girmanta, abin da ke cikinta da abin da ya rage, a ƙasa kuma layin Grand total. Akwai pg_backend_memory_contexts ma, sai dai na haɗin da kake ciki kawai yake nunawa, don haka amfaninsa a wajen gwaji ne. Wanda ke kan tsohuwar siga sai ya shiga da gdb, manhajar leƙa cikin furoses, wato `gdb -p PID`, ya kira `MemoryContextStats(TopMemoryContext)`, ya fita nan take, domin muddin gdb na riƙe da furoses, a tsaye yake, idan kuma furoses ɗin yana riƙe da wani kulle duk masu jiransa sun tsaya.

Hoto ɗaya ba ya isa. Ɗauki biyu na furoses guda, da tazarar awa biyu ko uku, ka rubuta RssAnon na kowane lokaci kusa da shi. Sannan ka yi tambayar da ta fi kowace amfani a wannan bincike: ƙarin da aka samu a RssAnon, ya bayyana a Grand total ko bai bayyana ba? Idan RssAnon ya ƙaru da megabait 400, Grand total ma ya ƙaru da kusan haka, ɓarawon yana cikin gida, sunan jakar zai kai ka gare shi. Idan RssAnon ya ƙaru da 400 amma Grand total bai motsa ba, memorin ya fita ta hanyar da PostgreSQL ba ta lissafawa. Hanyoyin biyu kayan aikinsu daban ne, kuma wanda bai raba su ba tun farko zai yi ta zagaye.

Mu fara da na cikin gida. Idan CacheMemoryContext ce ta kumbura, tare da dubban ƙananan jakunkuna masu suna index info, to ajiyar bayanan tebura ce. Duk tebur da fihirisar da haɗi ya taɓa, yana ajiye bayaninsu a wajensa, kuma wannan ajiya ba ta da iyakar girma, ba ta korar tsoho don sabo ya shiga. A rumbu mai tebura 200 ba wanda zai lura. A rumbun da aka ba kowane abokin ciniki schema nasa, ko tebur da aka rarraba gida dubu, haɗin da ya yi mako a buɗe zai taɓa kusan komai. A ce kowanne ya tara megabait 50, haɗi 300 gigabait 15 ke nan. Ni ban kira wannan kuskuren kod ba, haka aka gina ta, amma illarsa da ta yoyo ɗaya ce. Maganin shi ne rage yawan haɗi da rage tsawon ransu. PgBouncer, matattarar haɗi da ke tsakanin manhaja da sabar, yana rufe haɗin sabar da ya kai daƙiƙa 3600 bisa server_lifetime na asali, HikariCP na masu Java kuma minti 30 ne a maxLifetime. Ka duba ko wani ya kashe waɗannan a wajenku, ko kuma manhajarku tana da matattarar haɗi ta gida da ba ta taɓa rufe komai.

Idan kuwa CachedPlanSource da CachedPlan ka gani ɗaruruwa ko dubbai, laifin manhajarku ne. Tana shirya umarni da PREPARE, ko ta hanyar direbanta, ba ta sakin su. Yawanci abin da ke faruwa shi ne ana cusa ƙima a cikin rubutun kwerin maimakon a aiko ta daban, ko ana gina jerin IN mai tsawo iri-iri, sai kowane kweri ya zama sabo a idon sabar, a ajiye masa tsarin aiwatarwa nasa. Log ɗin yana nuna farkon rubutun kowane kweri kusa da jakarsa, don haka za ka gane shi da ido. Ka sani ana taƙaita jerin idan 'ya'yan uwa guda sun haura 100, sauran a dunƙule su a layi ɗaya, kada ka tsallake wannan layin. DEALLOCATE ALL zai sauke nauyin na ɗan lokaci, gyaran gaskiya yana wajen masu rubuta manhajar.

Wanda ya fi kama da kuskuren kod na ainihi shi ne ExecutorState da ke girma daidai da yawan layukan da kweri ya ratsa, ba tare da wani matakin jerawa ko hash da zai bayyana shi ba, ko TopMemoryContext ita kanta da ke ƙaruwa bayan kowane kweri. A nan fara zargin ekstenshan da fankshan ɗin da aka rubuta da C kafin ka zargi PostgreSQL. Ba don ita ba ta kuskure ba, kusan kowace ƙaramar siga tana zuwa da gyaran wani yoyo, sai don kod ɗinta dubban sabobi ne ke tattaka shi kullum, na ekstenshan ɗin da kuka ɗauko kuwa wataƙila ku kaɗai ke bin wannan lungun nasa.

Yanzu hanya ta biyu, inda Grand total bai san komai ba. Duk laburaren waje da aka ɗaura wa sabar yana kiran malloc da kansa: LLVM, OpenSSL, ICU, GEOS da PROJ na PostGIS, da masu fassara Python da Perl idan kuna rubuta fankshan da su. Akwai misali guda da nake so ka duba yau ɗin nan, domin ya shafi sigarka. An kawo JIT a siga ta 11, aka kunna shi ga kowa a ta 12. Aikinsa shi ne ya mayar da wasu sassan kweri mai tsada zuwa kod ɗin inji ta hanyar LLVM. Matakin da ake kira inlining, wanda ke tashi idan ƙiyasin tsadar kweri ya haura 500000, yana barin bayanai a cikin LLVM da ba a share su sai haɗin ya mutu. Haɗin da ke gudanar da manyan rahotanni yini guda sai ya yi ta kumbura, jakunkunansa kuwa tsaf, ba alamar komai. Andres Freund da Daniel Gustafsson suka gyara shi, gyaran ya fito ranar 8 ga Fabrairun 2024 a sigogi 16.2, 15.6, 14.11, 13.14 da 12.18. Ka yi `SELECT version();`. Idan kana ƙasa da 15.6, ka sa jit = off, ka yi pg_reload_conf(), ka ga ko hawan ya tsaya. Abin da ya riga ya zube ba zai dawo ba sai an rufe tsofaffin haɗin, don haka gangaren layin za ka duba, ba tsayinsa ba. Ko ma ba shi ba ne, hawa zuwa ƙaramar siga ta ƙarshe a jerin 15 ba ya buƙatar juye bayanai, kuma ba ni ganin hikimar farautar kuskure a sigar da aka yi wa gyara sau da yawa bayanta.

Akwai kuma yanayin da ba wanda ya yi yoyo, memorin an mayar da shi, amma malloc na glibc, laburaren C na Linux, shi ne bai mayar wa kanel ba. Ƙananan buƙatu daga tuli ɗaya ake yanka su, tulin kuma daga samansa kawai yake raguwa da kansa. Gutsure ɗaya mai rai a can sama ya isa ya tokare ɗaruruwan megabait da ke ƙasansa, duk da babu komai a cikinsu. Manyan buƙatu, daga kilobait 128, ana ba su wuri daban da ake sakewa nan take, sai dai wannan iyaka tana matsawa sama da kanta har megabait 32 idan shirin yana yawan karɓa da mayar da manya. Gwajinsa mai sauƙi ne: samu haɗin da ya kumbura kuma yake zaune a idle, shiga da gdb, kira `malloc_trim(0)`, fita, sake duba RssAnon. Idan ya faɗo warwas, ba yoyo ba ne, riƙo ne. Kada ka yi wannan a kan furoses mai aiki, domin idan ka tsayar da shi a tsakiyar malloc ka sake kiran malloc a kansa, zai iya maƙalewa ko ya faɗi, ya ja sauran.

Wannan riƙon ya fi addabar MySQL da MariaDB, tunda su furoses ɗaya ne mai zare da yawa, glibc kuma yana iya buɗe tuli har takwas ga kowace ƙwayar CPU a injin 64-bit. Shi ya sa masu kula da su da yawa ke komawa jemalloc ko tcmalloc. Ga wanda ke kan MySQL 8.0, kwatankwacin jakunkunan nan shi ne sys.memory_global_by_current_bytes, tambayar kuma ba ta canza ba: jimillar da sabar ta lissafa ta yi daidai da abin da kanel ke gani? Sai dai su ba su da sauƙin da kake da shi, na cewa rufe haɗi yana mayar da komai.

Idan malloc_trim bai sauke komai ba, lokacin bin sawun kira ya yi. A kan sabar da ke aiki, abin da na fi amincewa da shi shi ne memleak na tarin bcc, wanda a Debian da Ubuntu sunansa memleak-bpfcc. Kana ba shi lambar furoses da `-p`, yana lura da kowane malloc da free, yana nuna maka waɗanda aka karɓa ba a mayar ba tare da jerin fankshan ɗin da suka kai ga karɓar. Sa `-o` da babbar lamba don ya watsar da sababbin karɓa, ya bar waɗanda suka daɗe. Yana rage saurin furoses ɗin da ka ɗora shi a kai, don haka furoses ɗaya, minti kaɗan. Ka fara saka fakitin alamomin gyara, postgresql-15-dbgsym a Debian da Ubuntu, in ba haka ba lambobi tsirara za ka gani maimakon sunaye. Idan jerin kiran yana yankewa bayan mataki ɗaya ko biyu, an gina shirin ba tare da frame pointer ba ne, wato alamar da ake bin sawun kira da ita. Fedora 38 da Ubuntu 24.04 sun dawo da shi a fakitocinsu, a wasu wuraren sai ka gina da `-fno-omit-frame-pointer` a injin gwaji.

Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: wannan kayan aikin yana taimakawa har a yoyon cikin jaka. Jaka tana karɓar memori daga malloc dunƙule-dunƙule, tana farawa da kilobait 8 tana ninkawa har megabait 8. Duk lokacin da ta cika ta nemi sabon dunƙule, wanda ya yi palloc na ƙarshe shi zai bayyana a jerin kiran. Tunda mai yoyon shi ya fi kowa zuba kaya a jakar, shi zai fi yawan bayyana. Sunan jaka ya gaya maka inda kayan suke, jerin kira ya gaya maka wanda ya kawo su.

Valgrind kuwa na injin gwaji ne kawai. Yana rage gudu ninki 10 zuwa 50, kuma don ya ga cikin jakunkuna sai an gina PostgreSQL da USE_VALGRIND, a ba shi fayil ɗin valgrind.supp da ke cikin src/tools. A yoyon laburaren waje yana da kyau ƙwarai. A na cikin jaka, Massif ko heaptrack sun fi shi amfani, domin su tambayarsu wa ke riƙe da memori mafi yawa, ba wa ya ɓatar da adireshi ba.

Duk wannan zai zo da sauƙi idan ka iya tayar da matsalar da hannunka. Daga application_name da awannin da hawan ya fi tsanani, za ka rage zargi zuwa kweri kaɗan. Kwafi rumbun zuwa injin gwaji, saka kweri ɗaya a fayil, ka ba pgbench da `-f`, haɗi ɗaya, maimaici dubu goma, kana kallon RssAnon. Wanda ya sa layin ya miƙe sama shi ne. Raba ƙarin memorin da yawan maimaicin, ka samu bait nawa ke zuba a kowane zagaye. Idan lambar ba ta canzawa, ka samu shaida mai ƙarfi. Idan tana bin yawan layukan da kwerin ya karanta, yoyon na kowane layi ne. Idan tana bin tsawon rubutun da ke cikin wani ginshiƙi, kwafin wannan ƙimar ake bari. Daga nan sai ka yi ta rage kwerin: cire rabin ginshiƙai, cire join ɗaya, cire fankshan ɗaya, har ka kai inda cire abu guda ke tsayar da yoyon. Idan wata tsohuwar siga ba ta yi, `git bisect` zai nemo canjin da ya kawo shi, canji dubu gwaji goma ne kacal. Rahoton da ke ɗauke da sakamakon version(), jerin ekstenshan, gajeren SQL da kowa zai iya gudanarwa a rumbu fanko, hotunan jakunkuna biyu da jerin kira, shi ne irin wanda masu gyara ke ɗauka da gaske, ko na PostgreSQL ne ko na ekstenshan.

Kafin a kai ga gyara, akwai abin da zai hana sabar faɗuwa. Takardun PostgreSQL da kansu sun ba da shawarar vm.overcommit_memory = 2. Da shi kanel ba ya alkawarin memorin da ba shi da shi. Idan ya ƙare, malloc ne zai gaza, kweri ɗaya ya samu kuskuren out of memory, sauran haɗi su ci gaba da aikinsu. Ƙari a kan haka, furoses ɗin da ya gaza yana zazzage lissafin jakunkunansa a log a daidai lokacin da ya fi kumbura, wato shaidar da kake nema ta zo da kanta. Amma ka lura da vm.overcommit_ratio, wanda 50 ne tun asali: a injin gigabait 32 mara swap, iyakar za ta zama 16 kawai, ka jawo wa kanka gazawa tun memori bai ƙare ba. Ɗaga shi zuwa 80 ko 90, ka duba CommitLimit da Committed_AS a `/proc/meminfo` kafin ka kunna. Idan a kwantena kuke, wannan ba zai cece ku ba, domin iyakar memorin da aka yanka wa kwantenar, wato ta cgroup, tana kisa ne ko da injin yana da sauran wuri.

Sake kunna sabar kowane dare kuwa, ina roƙonka ka daina da zarar ka sa awon nan. Yana zubar da duk abin da shared_buffers ya tara, safiya ta zo da nauyi, kuma yana goge shaidar kafin ta girma ta yadda za a gan ta. Tunda kowane haɗi furoses ne, rufe shi kaɗai yana mayar da duk abin da ya ci. Sa shirinka ya nemo haɗin da RssAnon ɗinsa ya wuce iyakar da ka yanka, ya kira pg_log_backend_memory_contexts a kansa, ya jira daƙiƙa kaɗan, sannan ya sallame shi da pg_terminate_backend idan yana idle. Kada a yi amfani da `kill -9`, domin postmaster zai ɗauke shi daidai da kisan kanel, ya yanke kowa.

Wannan dabarar ba ta aiki idan mai kumburin ba haɗin manhaja ba ne. Shi ya sa na ce ka ɗauki backend_type. Walsender mai aika canje-canje zuwa wata sabar, ma'aikacin logical replication, checkpointer, da ma'aikatan bango da wasu ekstenshan ke tayarwa, duk suna rayuwa makonni ba mai sabunta su, PgBouncer kuma bai san da su ba. Idan walsender ne, duba logical_decoding_work_mem, wanda megabait 64 ne tun siga ta 13, ka ga ko girman ya tsaya kusa da shi ko ya wuce shi nesa; idan ya wuce, zargi plugin ɗin da ke fassara canje-canjen, ka ɗauki hotunan jakunkunansa biyu kamar yadda ka yi wa sauran. Shi ana iya sallamarsa da pg_terminate_backend, mai karɓa zai sake haɗawa ya ci gaba daga inda slot ɗinsa, wato alamar wurin da ya kai, ya tsaya. Checkpointer kuwa RES ɗinsa kusan kullum yana kai girman shared_buffers, tunda aikinsa ke nan ya taɓa kowane shafi mai datti, don haka kada ka tuhume shi sai RssAnon ɗinsa ne ke hawa. A siga ta 15 pg_log_backend_memory_contexts yana karɓar lambarsa shi ma.